Wayar da Ake Cirewa: Tarihin Akwatin Wutar Kwamfuta da Ƙa'idar da Ba a Kammala Ba

A bayan kowace kwamfutar tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, wanda mai kwamfutar ba ya cika tunawa da shi sai ranar da ya ƙone. Masu gyara suna kiransa fawa-saflai, mu kuwa a nan za mu kira shi akwatin wuta. Wayoyi iri biyu ne suke haɗuwa a jikinsa. Ta waje guda ɗaya ce, baƙa mai kauri, wadda take ɗauko wuta daga bango. Na ciki suna da yawa, su ne suke rarraba wutar ga sassan kwamfutar.

Wayar waje ta daɗe da zama abar cirewa. Idan ta lalace, sai a zaro ta wata kwamfutar a saka, babu fargabar komai. Wayoyin ciki kuwa sun shafe fiye da shekara ashirin a liƙe da akwatin da dalma, sai a 2004 aka shigo kasuwa da akwatin da ake zare wayoyinsa na ciki a mayar. Wannan tsari, wanda ake kira modula, shi ne a yau ya mamaye akwatuna masu tsada, kuma amfaninsa a bayyane yake. Amma duk wanda ya ɗauka wayar ciki kamar ta waje ce, ya zari ta wannan akwati ya saka wa wancan, zai iya ƙona faifan da ke ɗauke da aikinsa na shekaru kafin ya ƙifta ido. Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihin abin da masu ƙera kwamfuta suka yi yarjejeniya a kansa, da abin da suka bari kowa ya yi yadda ya ga dama.

Aikin akwatin

Wutar da ke fitowa daga bango mai kai-da-komo ce, tana sauya alƙibla sau da yawa a daƙiƙa guda, kuma ƙarfinta ya yi wa kwamfuta yawa: kimanin bolt 230 a Nijeriya da Turai, bolt 120 a Amurka. Sassan kwamfuta suna son wuta mai tafiya miƙe, mai ƙaramin ƙarfi: bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Aikin akwatin shi ne ya karɓi ta farko ya mayar da ita ta biyu, ya kuma riƙe ta daidai ko da buƙatar kwamfutar tana hawa da sauka.

Tsohuwar hanyar yin haka ita ce ta taransifoma mai nauyi, wadda take ɓarnatar da wuta mai yawa ta zama zafi. Sabuwar hanya takan datsa wutar ta sake ta sau dubbai a daƙiƙa guda, abin da ya sa ƙaramar taransifoma take wadatarwa. Kwamfutar Apple II ta 1977 tana cikin na farko-farko da suka kai wannan dabara gidajen mutane, da akwatin da injiniya Rod Holt ya tsara. Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta PC a watan Agustan 1981, irin wannan akwati ya saka mata, mai ƙarfin wat 63.5. Wayoyinsa 'yan kaɗan ne: na babban allon da komai ke manne a kansa, wato madabod, da na injinan faifan fulofi. Babu wanda ya ga dalilin cire su, domin babu wadda ta yi saura.

Wayar waje kuwa tun kafin zuwan PC aka gama maganarta. A 1970 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 320, wadda yanzu ake kira IEC 60320. A cikinta ne aka tsara bakin nan mai ramuka uku da ake kira C13, da mazauninsa C14 da ke jikin na'ura. Hikimar abin ita ce, kamfani ya ƙera akwati ɗaya, ya sayar a ƙasashe da yawa, wayar kaɗai ake sauyawa. Kwamfutar da take aiki a Kano da fulogi mai haƙora uku irin na Ingila za ta yi aiki a Maraɗi da fulogi mai zagayayyun haƙora irin na Faransa, ba a taɓa komai a jikinta ba. Abu ɗaya da ya kan ci mutane shi ne ɗan jan makunnin da ke bayan tsofaffin akwatuna, mai zaɓi tsakanin 115 da 230. Kwamfutar gwanjo da ta zo daga Amurka a kan 115, in aka jona ta a wutarmu ba a juya makunnin ba, ƙara ɗaya take yi. Akwatunan zamani masu kyau suna karɓar komai daga bolt 100 zuwa 240 da kansu.

A riƙe wannan misali na wayar waje, domin shi ne ma'aunin da za mu auna wayoyin ciki da shi: abar cirewa ce, kuma an yi ittifaƙi a kan bakinta.

Baƙi da baƙi a tsakiya

A kwamfutar IBM ta farko, da PC/AT ta 1984, da dubban kwamfutocin da wasu kamfanoni suka kwaikwaya daga gare su, wuta tana shiga madabod ne ta mahaɗai biyu masu suna P8 da P9. Kowanne yana da haƙora shida, kuma kamarsu ɗaya. Idan mai haɗawa ya musanya musu wuri, ya kunna, wuta takan shiga inda ba nata ba, madabod ɗin ya tashi daga aiki. Abin da ya tsare masu gyara na wancan zamani shi ne wata ƙa'ida da suke haddacewa: baƙaƙen wayoyin mahaɗan biyu su haɗu a tsakiya. Wato lafiyar na'urar ta dogara ga tunanin mutum, kuma mutum ɗan tara ne.

A 1995 kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda har yau a kansa ake gina yawancin kwamfutocin tebur. Ya haɗe P8 da P9 suka zama mahaɗi guda mai haƙora 20, aka kuma sassaƙa bakin kowane rami, wani mai kusurwa huɗu, wani mai gefe a sare, yadda ba zai shiga ba sai ta fuska ɗaya. Aka ƙaro layin bolt 3.3. Aka ba madabod ikon kunna akwatin da kashe shi, wanda ya kawo ƙarshen zamanin da Windows 95 take rubuta wa mutum cewa yanzu zai iya kashe kwamfutarsa da hannu. Launukan wayoyi ma suka zama yare guda da kowane mai gyara yake ji: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa ta komawa, koriya ta kunnawa.

Darasin ATX shi ne, a ƙera mahaɗi yadda kuskure ba zai yiwu ba. Sai dai siffar baki kaɗai ba ta isa. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Dell ya yi amfani da mahaɗi mai siffar na ATX a wasu kwamfutocinsa, amma ya jera wayoyin da ke cikinsa a wani tsari nasa. Mahaɗin yana shiga lafiya lau, amma wanda ya saka akwatin kasuwa a irin wannan madabod yana iya rasa ɗaya daga cikinsu ko duka biyun. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane. Za mu sake haɗuwa da wannan matsala nan gaba, da wata rigar.

Lokacin da wayoyi suka yi yawa

Daga shekarar 2000 ƙishirwar wuta ta kama sassan kwamfuta. Furosesar Pentium 4 da Intel ya fitar a wannan shekara ta buƙaci nata mahaɗin daban, mai haƙora huɗu, wanda yake kawo bolt 12 kai tsaye. Daga baya aka aro mai haƙora takwas daga manyan kwamfutocin ma'aikatu. A 2003 babban mahaɗin madabod ya tashi daga haƙora 20 zuwa 24, domin ciyar da sabon ramin PCI Express, wanda yake iya ba katin da aka soka masa har wat 75. Katunan hoto, wato allunan da ke sarrafa hotuna da wasanni da bidiyo, ba su ƙoshi da haka ba, sai aka yi musu mahaɗi mai haƙora shida da ke ƙara wat 75, sannan mai haƙora takwas da ke ƙara wat 150. A 2004 kamfanin Nvidia ya kawo tsarin SLI na haɗa kati biyu a kwamfuta ɗaya, buƙatar ta sake ninkuwa.

A ɓangaren faya-fayan ajiya ma haka. Tsofaffin suna shan wuta ta mahaɗin nan mai haƙora huɗu da aka fi sani da Molex, fulofi yana da nasa ƙarami, sai ga tsarin SATA ya shigo da nasa mai haƙora 15. Shekaru da yawa tsoho da sabo suna zaune tare a kasuwa.

Mai ƙera akwatin wuta bai san kwamfutar da za a saka akwatinsa a ciki ba. Wataƙila mai faifai ɗaya ce, wataƙila mai shida. Wataƙila babu katin hoto, wataƙila biyu ne. Mafita ɗaya gare shi, ya liƙa wayar kowace buƙata. Sakamakon haka, duk wanda ya buɗe kwamfutar wancan lokaci zai tarar da dami guda na wayoyin da ba su jone da komai, an naɗe an ɗaure, an cusa a gurbin da babu faifai, ga kuma faffaɗan wayoyin bayanai masu kama da ɗamara sun tare hanya. A daidai wannan lokaci ne kuma matasa masu haɗa kwamfutocin wasa a Amurka da Turai suka fara yanka taga a gefen gidan kwamfuta suna saka fitilu. Abin da aka saba ɓoyewa ya fito fili, kuma ba shi da kyan gani.

2004: aka zare wayoyin

Akwatin da aka fi ambata a matsayin wanda ya buɗe wannan babi shi ne X-Connect, mai wat 500, na kamfanin Ultra Products da ke Amurka, wanda ya fito a 2004. A maimakon dami, fuskar akwatin jerin soket ce, wayoyin kuma suna zuwa daban a cikin kwali. Mai haɗawa ya ɗauki wadda yake buƙata, ya bar saura. Wasu kamfanoni suka bi sahu nan da nan. A 2006 Corsair, wanda aka sani da sayar da ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ya shiga kasuwar da HX520 da HX620, waɗanda kamfanin Seasonic na Taiwan ya ƙera masa, kuma sun taimaka wajen nuna cewa akwati yana iya zama modula ya kuma zama mai inganci.

Daga nan kasuwa ta rabu gida uku, kuma haka take har yau. Akwai wanda dukkan wayoyinsa a liƙe suke. Akwai rabi-da-rabi, wanda wayar madabod da ta furosesa suke liƙe tun da babu kwamfutar da za ta tashi ba su, sauran kuma ake cirewa. Akwai kuma cikakken modula, wanda babu waya ko ɗaya a jikinsa sai an saka.

Tsarin ya gamu da ƙalubale biyu. Na farko na shari'a ne. Ultra ya sami takardar mallakar ƙirƙira a Amurka a 2006, kuma a 2008 ya maka kamfanoni da dama a kotu, ciki har da Antec da Corsair da Thermaltake, yana zarginsu da amfani da fasaharsa ba izini. Ƙarar ba ta hana tsarin yaɗuwa ba.

Na biyu na ilimi ne, kuma ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kamfanin PC Power & Cooling na jihar Kalifoniya, wanda masana suke girmamawa saboda ingancin akwatunansa, ya daɗe yana sukar modula. Hujjarsa ita ce, duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ta hanyar sokawa akwai turjiya ga wucewar wuta, turjiyar tana rage ƙarfin wutar, tana haifar da zafi, kuma mahaɗi yana iya saki ko ya yi tsatsa. Wayar da aka liƙe da dalma ba ta da wannan rauni.

Maganar tana da tushe, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Zafin da ke taruwa a mahaɗi daidai yake da turjiyarsa a ninka da yawan wutar da ke wucewa sau biyu. A ɗauki misalin amfiya 20 tana ratsa mahaɗi mai turjiyar kashi biyar cikin dubu na om ɗaya: asarar bolt 0.1 ce, zafin kuma wat 2, abin da ba zai dami kowa ba. Idan mahaɗin ya yi sako-sako turjiyar ta ninka sau goma, zafin ya zama wat 20 a wurin da bai wuce ƙwayar wake ba, kuma wannan ya isa ya narkar da roba. Wato mahaɗi mai kyau da aka soka har ƙarshe ba shi da matsala, wanda aka soka rabi kuwa haɗari ne. Shekaru sun nuna cewa ana iya ƙera na farkon da yawa cikin aminci, har shi kansa PC Power & Cooling daga baya ya fito da akwatunan modula a jerin Silencer Mk III. Amma gargaɗinsa bai mutu ba, jira yake yi.

Amfanin da ya tabbata

Amfani na farko shi ne wanda aka ƙirƙiro tsarin dominsa: ba a saka sai abin da ake buƙata. Wannan ya ƙara ƙarfi a yau, domin faifan ajiya na zamani, irin M.2, a jikin madabod ake soka shi kuma daga nan yake shan wuta. Injin faifan CD ya ɓace daga yawancin kwamfutoci. Saboda haka kwamfuta mai ƙarfi tana iya tashi da waya uku kacal: ta madabod, ta furosesa, ta katin hoto. Sauran suna kwance a kwali har ranar da za a ƙara faifai.

Na biyu, wuri. A 2001 kamfanin VIA ya fito da madabod na Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane gefe, kuma daga baya ƙananan kwamfutoci masu ƙarfi suka zama abin yayi. A irin wannan gida babu lungun da za a ɓoye dami. Sau da yawa ma sai an fara jona wayar a madabod, an bi da ita ta inda za ta wuce, sannan a zuro akwatin a soka ɗaya bakin. Mai gida ƙarami ya nemi gajeriyar waya, mai babba ya nemi doguwa.

Na uku, gyara, kuma shi ne ya fi shafar aljihu da lafiya. Idan ɓera ya ci waya, ko haƙorin mahaɗi ya karye, a akwatin da wayoyinsa ke liƙe sai an buɗe cikinsa ko a jefar da shi. Buɗe shi kuwa ba wasa ba ne, domin akwai ma'ajiyar caji a ciki da ke riƙe kusan bolt 400, kuma tana iya riƙe caji bayan an zare fulogi daga bango. A modula, waya ɗaya ake sauyawa. Haka nan idan ana son a fitar da akwatin a kaɗe masa ƙura, abin da duk mai kwamfuta a ƙasar da ake hunturu ya san wajibi ne, ba sai an warware duk ɗaurin da aka yi a cikin gidan ba.

Na huɗu, tsawon rai. Akwati mai kyau yakan ga bayan madabod biyu ko uku; Corsair yana ba wasu akwatunansa garantin shekara 10, Seasonic yana ba jerin Prime shekara 12. A tsawon wannan lokaci mahaɗai suna canzawa. Wanda wayoyinsa ke cirewa yana iya karɓar sabuwar waya mai sabon baki, ya ci gaba da aiki.

Akwai amfanin da 'yan kasuwa suke zuzutawa fiye da kima, wato sanyi. Gaskiya ne damin wayoyi yana tare iska yana tara ƙura, amma gidajen kwamfuta na yanzu suna da ɗaki na musamman a ƙasa da kuma sarari a bayan madabod inda ake ɓoye wayoyi, don haka bambancin zafin ba shi da yawa. Sannan kalmar modula ba shaidar inganci ba ce. Tana magana ne a kan wayoyi kawai. Alamar 80 Plus, wadda aka fara a 2004, ita ma abu ɗaya take aunawa: cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da akwatin ya sha tana isa ga kwamfuta. Akwati mai liƙaƙƙun wayoyi daga kamfanin kirki ya fi modula mai araha da ba a san asalinsa ba.

Bakin da babu ƙa'ida a kansa

Kowace wayar modula tana da baki biyu. Wanda yake shiga madabod ko faifai ko katin hoto yana ƙarƙashin ƙa'ida: an san haƙorin da ke ɗauke da bolt 12, an san na bolt 5, ko wane kamfani ya ƙera. Wanda yake shiga akwatin kuwa babu wata ƙa'ida ta bai-ɗaya a kansa. An rubuta tsarin ATX a zamanin da wancan gefen dalma ce, babu mahaɗin da za a yi wa doka, kuma da mahaɗin ya bayyana ba a koma an cike gurbin ba.

Sai kowa ya jera haƙoransa yadda ya dace da allon da ke cikin akwatinsa. Abin ya ƙara rikicewa saboda yawancin sunayen da ke jikin kwali ba su ne suke ƙerawa ba. Kwangila suke ba masana'antu irin su Seasonic da FSP da Channel Well Technology da Great Wall. Akwati biyu masu suna ɗaya suna iya fitowa daga masana'antu biyu, da jeri biyu. Corsair ya raba wayoyinsa zuwa Type 3 da Type 4 da Type 5, yana kuma wallafa jadawalin wadda ta dace da wane akwati. Hatta wayar madabod mai haƙora 24, a akwatuna da yawa ta gefen akwatin rabuwa take yi gida biyu, 18 da 10, saboda ƙarin wayoyin da ke auna ƙarfin wutar. Ga kuma launukan nan na ATX sun ɓace, domin kasuwa ta fi son wayoyi baƙaƙe gaba ɗaya.

Duk da haka robar bakin kusan iri ɗaya ce, don haka wayar wani takan shiga soket ɗin wani ta zauna daram. Idan jerin ya saɓa, bolt 12 sai ta bi layin bolt 5, faifan ajiya ya ƙone nan take. Wannan ita ce matsalar P8 da P9, ita ce kuma ta Dell, ta dawo bayan an ɗauka an binne ta. Abin takaicin shi ne, sauƙin da tsarin ya kawo shi ne yake jan mutum zuwa ramin: akwati ya mutu, wayoyi suna nan a shirye an ɗaure su tsaf, me zai hana a zare akwatin kawai a saka sabo? A 2024 jaridun fasaha sun ruwaito labarin wani da ya mayar wa wani sanannen kamfani akwatinsa a ƙarƙashin garanti, aka aiko masa da wani mai suna iri ɗaya, ya jona da tsofaffin wayoyinsa, ashe an sauya jerin haƙoran a tsakani. Faya-fayan da suka kai terabait 22 suka ƙone.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kaso mai yawa na kayan kwamfutar da ake saye a kasuwanninmu gwanjo ne, kuma a hanyar gwanjo akwati da wayoyinsa sukan rabu. Mai shago yana iya zaro waya daga buhu, ya gwada ta shiga, ya miƙa da zuciya ɗaya. Shigarta ba hujja ba ce. Akwatin modula da ba a tabbatar da wayoyinsa na asali ba, ko dai a bar shi, ko a sa mai gyara ya auna kowane haƙori da mita kafin a jona masa wani abu mai daraja.

Gwajin wat 600

A 2022 ɓangarorin biyu na wannan tarihi suka bayyana a lokaci guda. Intel ya fitar da ATX 3.0, tare da sabon mahaɗin katin hoto mai suna 12VHPWR: haƙora 12 na wuta, ƙanana huɗu na sigina, yana ɗaukar har wat 600. A watan Oktoba Nvidia ya fito da katin RTX 4090 mai shan wat 450 ta wannan mahaɗi.

Masu akwatunan modula suka ci riba nan take. Kamfanoni irin su Corsair da Seasonic suka fito da waya guda da ake sokawa a tsohon akwati ta ba da sabon baki. Masu liƙaƙƙun wayoyi kuwa sai dai su yi amfani da mahaɗin tsakiya mai rassa, ko su sayi sabon akwati.

Cikin makonni kaɗan kuma hotunan mahaɗan da suka narke suka fara yawo. Wat 600 a kan bolt 12 amfiya 50 ke nan, a raba wa haƙora shida, kowanne ya ɗauki fiye da amfiya takwas, a mahaɗin da haƙoransa suka fi na da ƙanƙanta. A watan Nuwamba Nvidia ya ce ya sami rahoto kusan 50, kuma binciken da ya yi ya nuna yawanci ba a soka mahaɗin har ƙarshe ba. Wannan shi ne lissafin PC Power & Cooling, ya fito a zahiri. A 2023 aka gyara mahaɗin aka kira shi 12V-2x6, aka gajarta haƙoran sigina yadda katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba sai mahaɗin ya shige sosai. Wato aka koma ga darasin 1995: a bar dogaro ga kulawar mutum, a sa siffar abin ta hana kuskure.

Akwai wani abin lura a nan. Yawancin sababbin akwatuna suna da soket mai haƙora 16 a jikinsu, irin wanda ke jikin katin. A wannan waya ɗaya, bakin akwati ya fara shiga ƙarƙashin ƙa'ida, ko da yake wasu kamfanoni har yanzu suna bi ta nasu soket ɗin masu haƙora takwas. Sauran wayoyin suna nan yadda suke.

Abin da ya rage

Wayar waje ta sami abu biyu tun 1970: ana cire ta, kuma an yarda da bakinta. Wayoyin ciki sun sami na farko a 2004, na biyun kuwa har yau rabi ne. Ba fasaha ce ta gagara ba. Masana'antar da ta iya haɗuwa a kan ATX da SATA da PCI Express za ta iya haɗuwa a kan jerin haƙora. Abin da ya rage shi ne wanda zai tilasta, ko riba ko doka, kamar yadda Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera wayoyin hannu bakin caja na USB-C daga ƙarshen 2024.

Kafin wannan rana, nauyin yana wuyan mai saye da mai gyara. Wanda zai haɗa kwamfutar ofis mai sauƙi ba ya buƙatar biyan kuɗin modula. Wanda zai haɗa ta aikin bidiyo ko zanen gini, ko ƙarama mai ƙarancin wuri, ko wadda yake son ya riƙa sabuntawa shekara da shekaru, kuɗin ba asara ba ne. Amma ya ɗauki akwatin da wayoyinsa a matsayin abu guda. Ya adana waɗanda suka yi saura a jakarsu, ya rubuta sunan akwatin da lambarsa a jiki. Ya tura kowane mahaɗi har sai maƙallinsa ya kama. Ranar da akwatin ya mutu kuma, ya zare tsofaffin wayoyin duka, ko da sun fi sababbin kyau, ko da warware su zai ci masa awa guda.